Hannu Ya Taɓa, Baki Ya Ce Ban Yi Ba: Yadda Ake Raba Gardama a Gasar Bakgamon

A babban zauren da ake gasar duniya ta bakgamon a Monte Carlo, abin da kunne ya fi ji shi ne kwaramniyar dayis a cikin kofi. Mutane ɗaruruwa ne a zazzaune bibbiyu, kowa ya duƙufa a kan allonsa, ba kasafai ake jin murya ba. Shi ya sa in wani ya ɗaga hannu ya kira alƙalin gasa, na kusa duk sai sun saci kallo. Galibi ba maguɗi ake zargi ba. Abin da ya faru yakan zama ƙarami ƙwarai, wanda in aka ba ka labarinsa sai ka yi dariya: wani ya kai hannu ya taɓa abu ya janye, wani ya ce "to" ba a san ko ta yarda ba ce ko ta sallamawa, wani ya ɗaga dayis ɗinsa daga kan allo kaɗan sannan ya mayar. Amma a kan irin wannan ake asarar karawar da aka shafe awa biyu ana fafatawa, wani lokaci har da kuɗin da zai sayi mota.

Wanda ya taɓa zama a gidan shayi a Alƙahira ko Istanbul ya ga wasan, ko da bai san sunansa na Turai ba. Larabawa suna kiransa tawula, Turkawa tabla. Allo ne mai gida 24, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 15, ana jefa dayis biyu irin na lido. Kowa yana kora 'ya'yansa zuwa ɓangarensa ya kwashe su daga allo, wanda ya riga gamawa shi ya ci. Ɗan da ya tsaya shi kaɗai a gida ana iya buge shi, a ɗora shi kan katangar tsakiya, ya koma ya faro tafiya daga farko. In ka gama kwashe naka abokin karawarka bai cire ko ɗaya ba, ka yi masa gamon, maki ya ninka biyu. In kuwa har yana da ɗa a kan katanga ko a ɓangarenka, bakgamon ke nan, ninki uku. Kakan wasan a Farisa shi ne nardi, wanda malaman Musulunci suka daɗe suna magana a kansa, akwai ma hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani da shi. Wannan babin malamai ne. Namu a nan shi ne yadda masu gasar suke shari'a a tsakaninsu in hannu ya yi abu baki ya musanta.

A gidan shayi gardama ba ta daɗewa. A ɗaga murya, na gefe su sa baki, a kawo wani shayin, a sake zubi. Abin da ya sauya lamarin ya faru ne a birnin New York a shekarun 1920, lokacin da aka shigo da ƙwayar ninki cikin wasan. Ita ma mai fuska shida ce kamar dayis, sai dai ta fi girma, kuma lambobinta 2, 4, 8, 16, 32 da 64 ne. Ba a jefa ta, miƙa ta ake yi. A 1931 ƙungiyar Racquet and Tennis Club ta New York ta jagoranci tsara dokokin wasan a rubuce, kuma su ne ginshiƙin abin da ake bi har yau. Sai dai an rubuta su ne don attajiran kulob-kulob da suka san juna, waɗanda kunya kaɗai ta isa ta hana su wasu abubuwa. Da Yarima Alexis Obolensky ya shirya babbar gasa a tsibiran Bahamas a 1964, aka fara gasar duniya a Las Vegas a 1967 wadda Tim Holland ya lashe, sannan ta tare a Monte Carlo daga 1979, sai teburin ya cika da baƙin juna. Ɗan Japan ya zauna gaban ɗan Danmak, Baturke gaban Ba'amurke, kowa da harshensa da al'adar wasansa ta gida, ga kuɗi a tsakani. Kunya ta daina wadatarwa.

Taɓa ƙwayar ninki

Mafi zafin rigingimun a kan ƙwayar ninki suke, kuma sai an fahimci lissafinta za a gane dalili. Kafin ka jefa dayis, in ka ga kai ke gaba, kana iya miƙa wa abokin karawarka ƙwayar, ma'ana daga yanzu zubin nan makinsa ya ninka. Zaɓi biyu gare shi. Ko ya karɓa a ci gaba a kan ninki, ƙwayar ta koma hannunsa, shi kaɗai ke da ikon sake ninkawa. Ko ya ƙi, ya ba da makin da ake kai, a sake sabon zubi. Masana sun daɗe da fitar da ma'auninsa: in babu barazanar gamon, wanda zai iya cin zubi ɗaya cikin huɗu ya kamata ya karɓa. In ya ƙi sau huɗu ya yi asarar maki 4. In ya karɓa sau huɗu, aka ci shi uku a kan maki bibbiyu ya rasa 6, ya ci ɗaya ya samu 2, asararsa 4 ce dai. To amma a kan allo ba wanda ke rubuta maka kashi nawa kake da shi. Ƙiyasi kowa ke yi, kuma ƙiyasin mutane ya bambanta. Kit Woolsey, ɗaya daga cikin manyan marubutan wasan a Amurka, yana da wata ƙa'ida da ta shahara da sunansa: in kana shakkar ko abokin karawarka ya kamata ya karɓa ko ya ƙi, to ka ninka.

Ashe ke nan abin da ya fi komai daraja a wannan lokacin shi ne sanin abin da ke zuciyar wanda ke gabanka. Labarin zuciya kuwa a tambayi fuska.

A ce karawa ce ta maki 11, ana 8 da 7. Mai 7 ya samu wuri mai kyau. Ya daɗe yana duban allo, sai ya miƙa hannu a hankali, yatsunsa biyu suka sauka a kan ƙwayar ninki, ya ɗago kai. A daidai nan abokin karawarsa ya gyara zama, ya matso da kujera, har ya fara buɗe tafin hannu don karɓa, alamar ko a jikinsa. Sai mai 7 ya janye hannu, ya ɗauki kofinsa ya fara girgizawa. "Ai ka taɓa," in ji ɗayan. "Gyara ta nake yi, ta karkace." Watakila gaskiya ya faɗa. Watakila kuma ya samu abin da yake nema ba tare da ya biya ko sisi ba: ya gane cewa in ya ninka za a karɓa da murna, don haka gara ya jira. Da ya ga ɗayan ya kai hannu ga biro zai rubuta maki, da ya ture masa ƙwayar ya kwashi makinsa.

Alƙalin da aka kira ba shi da hanyar shiga zuciyar mutum. Saboda haka dokokin zamani suka bar batun niyya suka kama abin da ido ke gani. Dokokin da hukumar bakgamon ta Amurka, wadda aka kafa a 2009, take aiki da su sun tafi a kan cewa wanda ya taɓa ƙwayar a lokacin da yake da damar ninkawa, ko ya faɗi wata magana ko ya yi wata alama da mai hankali zai ɗauka ninkawa yake nufi, to dole ya ninka. Miƙa hannu kawai ba tare da taɓawa ba bai kai nan ba. An ja layin a kan taɓawa ne domin ita ake iya shaidawa. A ganina layin ya yi daidai, ko da yake ya bar ƙofa a buɗe: mai wayo zai iya ta shawagi da hannu a saman ƙwayar yana leƙen fuskar mutane, bai taɓa ba balle a kama shi. Maganin wannan ba ya cikin sakin layi na doka. Yana wurin alƙalin da zai ja shi gefe a karo na biyu ya gaya masa cewa an gane, kuma in ya sake za a hukunta shi a kan rashin ɗa'a.

Wanda ke son gyara ƙwayar da gaske, hanya a buɗe take: ya faɗa da baki kafin ya taɓa, ko ya bari sai lokacin da ba shi ke da jifa ba.

"To" ɗin da ba a san inda ta dosa ba

Ɓangaren mai amsawa ma yana da nasa. Abin da doka ta tanada a sarari yake. In ka karɓa, ka ɗauki ƙwayar ka ajiye a gefenka ka ce ka karɓa. In ka ƙi, ka faɗa, a rubuta maki, a sake jera 'ya'ya. Da Ingilishi ake yawan yi, kalmomi uku ne kacal, "dabul" da "tek" da "fas", waɗanda ko wanda bai iya harshen ba zai haddace su a minti ɗaya. Amma mutane ba sa tsayawa a nan. Wani zai yi ajiyar zuciya ya ce "ninki mai kyau". Wani ya ce "shi ke nan". Wani ya gyaɗa kai. Wani ya ɗauki ƙwayar yana jujjuya ta a hannu yana tunani, bai ajiye ta ko'ina ba. Kamar baƙon da ya shiga kasuwar Kurmi ne ya taya kaya, mai kaya ya ce masa "albarka", shi kuma ya ɗauka an sa masa albarka an sallama, ya fara naɗe hajar. 'Yan gari sun san ƙi ne, baƙo bai sani ba, kuma a gasar duniya kowa baƙo ne.

Abin yakan ƙazanta in mai ninkawa ya ɗauka an ƙi, ya sa hannu ya share 'ya'yansa don sake jeri. Sai ɗayan ya ce, "Me kake yi? Ai karɓa na yi." Yanzu wurin ya rushe. Abu na farko da alƙali zai nema shi ne a mayar da allon yadda yake, ko daga hoton waya, ko daga rubutun mai ɗaukar wasan, ko daga abin da su biyun suka yarda da shi. Sannan ya tambayi kowa abin da ya faɗa da abin da ya yi da hannunsa. In mai amsawa ya furta abin da kowa zai ji a matsayin ƙi, ba zai dawo ya ce karɓa yake nufi ba bayan ya ga fuskar ɗayan ta nuna sauƙi ya samu. Magana zarar bunu ce. In kuwa abin da ya faɗa bai nuna ko'ina ba, mai ninkawa ne ya yi azarɓaɓi, to shi ma yana da laifin rashin tambaya. Kalma ɗaya ta ishe shi: "Ka karɓa ko ka ƙi?"

Haka batun miƙa wuya. A gasa ba a yarda a sallama zubi ba sai 'ya'yan ɓangarorin biyu sun wuce juna, ba sauran bugu. Ko a nan ma wanda ya ce "ka ci" bai gama magana ba. Ka ci nawa? In ƙwayar ninki tana kan 4, ci na yau da kullum maki 4 ne, gamon kuwa 8. Mutum yana iya ganin gamon na tafe masa, ya yi saurin miƙa hannu a gaisa yana tattara 'ya'yansa, da fatan a rubuta 4. Mai nasara yana da cikakken haƙƙin ya ƙi, ya ce a jefa har ƙarshe. Wanda ya karɓi gaisuwar bai duba ba, ya rubuta 4, aka shiga zubi na gaba, da wuya wani alƙali ya dawo masa da sauran.

Yaushe ne mutum ya gama?

A wasan ces, in ka taɓa ɗa sai ka motsa shi. Bakgamon na gasa ba haka yake ba. Kana iya matsar da 'ya'yanka ka duba, ka mayar, ka gwada wata hanya, muddin ba ka rufe motsinka ba. A tsohon tsari, inda kowa ke da dayis ɗinsa biyu, ɗauke dayis daga allo shi ne rufewa. Daga nan rigima ta samo asali, domin ɗaukewa ma mataki-mataki ce. Wanda ya ɗora yatsa a kansu fa? Wanda ya ja su gefe don ya ga gidan da suka rufe? Wanda ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya? Ga kuma mai gaggawa a ɗaya gefen, da ya ga hannu ya nufi dayis sai ya watsa nasa, ya samu shida da shida, sannan a ce masa ai ba a gama ba. Littattafan doka sun sha bamban a kan wannan jifa ta riga-malam-masallaci. Akwai inda ake soke ta kawai. Akwai inda ake barin ta, wanda bai gama ba ya ƙarasa motsinsa yana sane da abin da ke jiransa. Akwai kuma inda ake ba shi zaɓi, ya bar ta ko ya sa a sake. Biyun ƙarshe duk suna nufin abu ɗaya, kada mai gaggawa ya ci ribar gaggawarsa, tunda in soke ta kawai ake yi, mugun jifa ya tafi a banza, mutum ya samu dama ta biyu.

Agogo ya kashe rabin wannan fitina. A manyan gasanni yanzu ana ba kowane ɗan wasa minti biyu a kan kowane maki na karawar, wato minti 22 a karawar maki 11, da daƙiƙa 12 na kyauta a kowane motsi kafin lokacinsa ya fara zaftarewa. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi karawar gaba ɗaya. An shigo da shi ne don masu nawa, amma babbar fa'idarsa ta fito ta wani wajen. Da agogo, dayis biyu kawai ake amfani da su tsakanin mutum biyu. Ka jefa, ka motsa, ka bar su a inda suke, ka danna agogo, sannan ɗayan ya ɗauka. Danna agogo ba shi da rabi, ko ka danna ko ba ka danna ba. Ba wanda zai riga ka jifa tunda dayis ɗin suna gabanka. Kuma tsohuwar gardamar nan ta "biyar da uku na jefa", "a'a, biyar da biyu ne" ta ragu sosai, domin lambobin suna nan a kan allo har ka gama.

Dayis ɗin da ya jingina da ɗa ko ya faɗa ɗaya ɓangaren allon ba ya cin lokaci, a sake jefa duka biyun. Wanda ya kwanta daidai a saman ɗa, da can sakewa ake yi, yanzu wasu gasanni sun amince da shi don rage ɓata lokaci, saboda haka sai mutum ya tambaya tun kafin a fara. Akwai kuma zubin Crawford, mai sunan John Crawford: in wani ya rage masa maki ɗaya ya ci karawa, zubi na gaba ba a ninkawa. Mutane kan manta su ninka. Ba ya ƙirguwa, kuma masu hankali sukan ɗauke ƙwayar daga allo gaba ɗaya a wannan zubin.

Kuskuren da ya amfane ka

Inda 'yan wasan suka rabu gida biyu da gaske shi ne motsin da ya saɓa wa abin da aka jefa. Mutum ya jefa shida da huɗu, ya tafi shida da uku. Ko ya bugi ɗan abokin karawarsa, maimakon ya ɗora wancan a kan katanga sai ya ɗora nasa, abin da ke faruwa da wanda ya gaji bayan awa goma a kan kujera. Tsohuwar doka, wadda aka yi shekaru da yawa ana bi musamman a Amurka, ta bar wa abokin karawa zaɓi. In kuskuren ya cuce shi, ya ce a gyara. In ya amfane shi, ya yi gum da bakinsa ya jefa dayis ɗinsa, da ya jefa kuwa magana ta ƙare.

Masu kare wannan doka ba sakarkaru ba ne. Hujjarsu ita ce lura da allo yana cikin gwanintar wasa, ba aikina ba ne in riƙa ƙirga maka gidaje. Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: in aka ce dole kowa ya nuna kuskuren da ya gani, ta yaya za a tabbatar ya gani? Mai gaskiya zai faɗa ya yi asara, marar gaskiya ya ce idonsa na kan agogo. Dokar da ba a iya kama mai karya ta, in ji su, haraji ce a kan mutanen kirki.

Duk da haka manyan gasanni da yawa a Turai da Amurka sun koma ɗaya tsarin, wanda ya wajabta wa 'yan wasan biyu su nuna duk motsin da bai halatta ba, ko wa ya amfana, a gyara shi muddin ba a yi nisa ba. Ni ma nan na karkata. Gaskiya ne ba za a kama kowa ba. Amma tsohuwar doka ta halatta wa mutum ya zauna yana kallon abokin karawarsa ya ɗora ɗansa a kan katanga bisa kuskure, ya ci zubin da dayis bai ba shi ba, dabara ba ta ba shi ba, kuma ya tashi ba wanda zai ce masa ya yi laifi. Sabuwar aƙalla ta kira abin da sunansa. Yau da ake ɗaukar manyan karawa da kyamara ana watsawa kai tsaye a YouTube, wanda ya saba "rashin gani" a duk lokacin da rashin ganin ya amfane shi ba zai daɗe ba a san shi ba. Duniyar wasan ƙarama ce, fuskokin da ka gani a gasar Nordic Open a Copenhagen lokacin Ista su za ka sake gani a Monte Carlo da bazara.

Alƙali a bakin teburi

Abin da ake koya wa kowane ɗan wasa in gardama ta tashi ba shi da yawa. A tsayar da agogo, kada kowa ya taɓa komai, dayis da 'ya'ya da ƙwayar ninki da takardar maki duk a bar su yadda suke, a kira alƙali. 'Yan kallo ba su da bakin magana ko sun ga abin da ya faru, sai in alƙali ya tambaye su, ko su je su same shi a gefe. Dalilin a fili yake, ɗan kallon da ke "taimakawa" sau da yawa abokin ɗaya daga cikin 'yan wasan ne, kuma kuskuren da ya cuci abokinsa kaɗai idonsa ke gani. Alƙali ya saurari kowa, ya duba abin da za a iya dubawa, ya yanke. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara, a haɗa ɗan kwamiti, galibi na mutum uku gogaggu waɗanda ba ruwansu da sakamakon. Littattafan dokar da kansu sun yarda cewa ba za su iya hango kowane yanayi ba, sun bar wa alƙali ya nemi abin da ya fi adalci.

Wannan sassaucin yana da amfani, yana kuma da haɗari. Amfaninsa shi ne sabon shiga wanda ya zo gasarsa ta farko, ya taɓa ƙwayar ninki don bai san an hana ba, alƙali na iya duba halinsa. Haɗarinsa shi ne a ƙaramar gasa alƙali ya san kowa, ya ci abinci da wannan, wancan shi ke kawo masa 'yan wasa goma duk shekara. In maganar fitaccen ɗan wasa ta ci karo da ta wanda ba a sani ba, ba sai an faɗa ba, an san inda zuciya ke karkata. Sau da yawa ma ƙaramin ba ya kiran alƙalin. Masu wasan ces suna da misalin da ba su manta ba. A gasar Linares ta ƙasar Sifen a 1994, Garry Kasparov, zakaran duniya a lokacin, ya saki dokinsa a wani gida na ɗan ƙiftawar ido yana karawa da Judit Polgar, sannan ya sake kama shi ya kai wani gidan. Tana da shekara 17, ba ta tsayar da wasa ta yi ƙorafi ba. Hoton bidiyo ya nuna hannunsa ya rabu da dokin, amma sakamakon bai sauya ba, shi ya ci. A teburin bakgamon irin wannan na faruwa ba tare da kyamara ba.

Kwamfuta ta warware wa wasan abubuwa da yawa, ban da wannan. Tun 1979 manhajar Hans Berliner ta doke Luigi Villa da ci 7 da 1 a Monte Carlo, jim kaɗan bayan ya zama zakaran duniya, ko da yake masana sun yarda sa'ar jifa ta taimaka mata. TD-Gammon ta Gerald Tesauro a kamfanin IBM ta zo a farkon shekarun 1990 ta sauya yadda gwanaye ke buɗe wasa. Yau manhajar eXtreme Gammon za ta gaya maka ko ninkawar nan daidai ce, ta auna maka girman kuskurenka daki-daki. Amma ba za ta gaya maka ko yatsa ya taɓa ƙwaya ba. A intanet matsalar ba ta tasowa sam, maɓalli ne, ka danna ka ninka. Wannan ya haifar da wani sabon abu: matasan da suka koyi wasan a waya suna zuwa gasa sun iya lissafi fiye da dattawan da ke gabansu, amma ba su taɓa riƙe kofi ba, ba su san hannu ma yana magana ba. Mai shirya gasar da ya ɗauki minti biyar kafin a fara ya nuna musu yadda ake ninkawa, yadda ake karɓa da yadda ake rufe motsi, ya rage wa kansa rabin kiran da za a yi masa.

Ba kowane mai ƙorafi ne mai gaskiya ba. Akwai wanda ke zaune yana jiran hannun abokin karawarsa ya goga ƙwayar ninki wajen ɗaukar kofi, ya yi tsalle ya ce dole a ninka, saboda ya san ninkawar za ta amfane shi. Shi ma cin riba yake nema daga abin da ba wasa ba, kuma alƙali nagari zai gane gogar hannu daban, ɗora yatsu a ɗago kai daban. Amma in an cire irin wannan, in da gaske abu ya zama mai fuska biyu, to wanda ya haifar da shakkar shi ya kamata ya ɗauki asararta, domin shi ne yake da ikon ya yi abin a sarari bai yi ba. Ko sunansa na cikin jerin zakarun duniya, hukuncin ɗaya ne. Alƙalin da ya ƙyale shi don girman sunansa ya sani cewa sabon ɗan wasan da aka danne a teburin nan ba zai sake biyan kuɗin rajista baɗi ba.